Ki Fara Sauka a Gidan Yayanki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Hindawiyya, Makka.

Mamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki jirgi ya ɗaga lafiya, hankalinki a kwance. Allah ya tsare ki a sama, ya tsare ki a ƙasa, ya sauke ki a hannun mutanen kirki. A aljihun gefe na jakarki na cusa ta, wajen dabino, don na san ba za ki yi nisa ba sai kin kai hannu can.

Da gangan na rubuta da Hausa. Da Larabci ne, da kin karance ta kafin a kawo muku shayi, ki ce "Ɗayyib, Abuya," ki ninke ta. Da Hausa kuwa dole ki bi ta a hankali kina motsa baki, kuma haka nake so. Balle can inda za ki wannan Hausar taki mai rabin Larabci za ta sha dariya, gara ki fara gyara ta tun daga sama. Kada ki shiga kasuwa ki ce a ba ki kis, leda ake cewa.

Ba labari zan ba ki ba. Duk abin da ke cikin gidan nan kin fi ni saninsa, har inda nake ajiye maganin hawan jinina. Magana ce da na yi ta juyawa a bakina tun da takardar ɗaukarki ta fito, in na zauna zan faɗa sai in tambaye ki ko kin kashe gas. Maganar yayanki ce, da wannan jami'a da kika nace sai ita.

Kin san ban so ba. Amma hujjarki ta fi tawa. A nan ba ki sami gurbi ba, ita kuma tana karɓar takardar sakandarenku ba wahala, da Larabci ake karatu, ga wurin kwanan mata mai tsaro. Na yarda, kuma ba zan janye ba. Sai dai ita ce makarantar da yayanki ya yi karatu ya gama, ya ci jarrabawarsa, suka riƙe masa digiri har yau. Kina ƙarama lokacin, abin da kika sani guntu-guntu ne da kika tsinta ta bayan ƙofa. Dokarsu kuma tana nan ba ta canza ba: ɗalibinsu ba ya hulɗa da wanda jama'arsu ta kora. Ga ki za ki shiga da sunana a bayan naki, irin wanda ke bayan nasa, shi kuma yana zaune a garin. Ko ba jima ko ba daɗe za a tambaye ki, kuma amsar da kika bayar tana iya cinye miki karatunki ko ta raba ki da ɗan'uwanki. Don haka ki ji yadda aka yi, da wuraren da ni na yi tuntuɓe.

Na farko, na tura shi ƙasar da bai sani ba, ban gaya masa komai game da ita ba. Ni a can aka haife ni. Na san yadda ake samun masallaci biyu a layi ɗaya, kowa ya san nasa, kowa ya san wanda ba ya shiga ko ruwan sama ya tare shi. Amma na daɗe a nan ina tuƙa motar kamfani har na manta. Shi kuwa a Harami ya buɗe ido. Sahu ɗaya, ga mai ɗora hannu a ƙirji, ga mai sakin hannu, ga Baturke, ga mutumin Indunusiya, ga namu na Agadas da rawaninsa, ba wanda ya taɓa juyowa ya tambayi wani almajirin wane malami ne shi. Abin da yaron ya sani shi ne in an kira salla ka shiga inda ya fi kusa. Ranar da zai tafi, a filin jirgin Jidda, ga duk nasihar da na yi masa: "Ka riƙe salla, ka riƙe fasfo." Ya riƙe duka biyun kuwa.

Jami'ar ta wata jama'a ce ta addini, su suka gina ta, su suke ɗauke da ita. Duk sabon ɗalibi sai ya tsaya ya ɗauki alkawarin bin ƙa'idarsu: sutura, lokacin fita da dawowa, salla a masallatansu, da nisantar ɗaya ɓangaren, wato masu taron zikiri da maulidi. Yayanki ya sa hannu yadda ake sawa a takardar asibiti, bai karanta ba. Ba a jima ba aka gan shi a kasuwa ya shiga masallacin masu zikiri ya yi la'asar. Aka kira shi ofis. Ya dube su ya ce, "Ba alƙibla ɗaya ba ce?" Suka ɗauka rashin kunya yake musu. Wallahi, Mamana, tambaya yake yi.

To ke ki karanta. Ki zauna da takardar ƙa'idar nan kamar za a yi miki jarrabawa a kanta, abin da ba ki gane ba ki tambaya kafin ki ce kin yarda. Makarantarsu ce, kuma ba su ɓoye dokarsu ba. Ban ce miki mugaye ba ne. Akwai masu tsoron Allah na gaske a cikinsu, sun koya wa yayanki abin da ni har in mutu ba zan sani ba. Abin da kika yi alkawari ki cika shi, ko ba a kallonki. Maganar sutura ba za ta dame ki ba, ke da kika girma cikin abaya. Maganar waya ce zan so in ga yadda za ku ƙare da su, don ni dai na gaza. Amma a zuciyarki ki riƙa bambancewa: wannan dokar makaranta ce, wannan kuma ta Allah ce. Sau da yawa tafiyarsu ɗaya, amma akwai ranar da za su rabu, kuma gara ranar ta same ki kin san wacce ce wacce.

Na biyu, ya kira ni ban saurare shi ba. Bayan wancan gargaɗin ne. Ina hanyar unguwar Shisha da fasinja, an cushe a bakin ramin da titi ya ratsa cikin dutse, kowa na danna ham. Na ɗaga waya.

Ya ce, "Abuya, mutanen nan sun ce in daina zuwa gidan Kaka Malam."

Ba ki san Kaka Malam ba. Kawun mahaifiyarku ne, tsoho mai jan zikiri a unguwarsu. A wurinsa yayanki yake sauka in an yi hutu, don ba kowace shekara muke iya kawo shi gida ba. Shi ya koya masa cin tuwo ba cokali, shi yake hana a rufe ƙofa sai yaron ya shigo.

Na ce, "Ka bi abin da suka ce. Karatu ka je yi."

Ya ce, "To ina zan je in an yi hutu?"

Na ce, "Halas, ya isa, ina tuƙi." Na kashe.

Na sauke fasinja, na ɗauki wani, na dawo gida na ci abinci, ban sake kiransa ba. A raina na ce yaro ne, zai ware. Abin da ya faru shi ne ya ci gaba da zuwa gidan tsohon a ɓoye, don ba shi da wani wurin, kuma daga ranar ya daina gaya mini komai. In ya kira sai gaisuwa, sai "ina Ummi?"

Ke kada ki yarda in yi miki haka. Kin san halina, in magana ta yi mini nauyi sai in fake da tuƙi. In kika kira na ce ina hanya, ki ce, "Abuya, faka." Zan faka. Kuma kada ki fara yin wani abu a ɓoye a makarantar nan, komai ƙanƙantarsa. Abin da kika yi a fili, in aka hana ki kin san matsayinki tun da wuri. Wanda kika ɓoye kuwa, ranar da ba ki shirya ba za a fito miki da shi.

A shekararsa ta ƙarshe, an gama jarrabawa ana jiran sakamako, Allah ya yi wa Kaka Malam rasuwa. Yayanki ya fita ba izini. Da shi aka yi wa tsohon wanka, ya ɗauki makara, ya bi limaminsu salla, ya zauna zaman makoki inda aka yi ta zikiri. Wani ya ɗauki hoto da waya, hoton ya isa makaranta kafin shi. Kwamitin ladabtarwa ya zauna. Suka ce hanya ɗaya ce: ya miƙe a masallaci bayan Juma'a, ya ce ya barranta daga masu zikirin nan, ya kuma ce tsohon a kan ɓata ya mutu. Mahaifiyarku ce ta gaya mini amsarsa, don ita ya gaya wa. Cewa ya yi, "Fita ba izini laifina ne, ku hukunta ni. Amma mutumin da na ci tuwonsa duk shekarun nan, na sa shi a kabari da hannuna, ba zan tsaya in yanke masa hukunci ba. Ban san inda yake ba, ku ma ba ku sani ba."

Sai aka sanar a masallaci an cire shi daga jama'a. Kada a yi masa sallama, kada a ci abinci da shi, kada a ambace shi. Digiri kuma suka ce shaida ce ta ilimi da ta hali, ba za su shaidi halin wanda suka kora ba. Sakamako ya fito ya ci komai. Abokan karatunsa suka sa riguna suka yi hotuna da iyayensu, shi yana ɗakin haya a bayan tasha.

Har zuwa nan ana iya gyarawa. Ni na ƙarasa ɓata abin, shi ne kuskure na uku, kuma sai na yi miki bayanin wata al'ada kafin ki gane yadda aka yi, don ku 'yan Makka ba ku san ta ba.

A inda na taso uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa. Kunya ake ce mata, kuma duk wanda ya girma a can ya san yawan kunyar shi ne yawan son. Haka mahaifina ya yi wa babban wanmu, haka na yi wa yayanki. Larabawa abokan aikina da sunansa suke kirana, Abu wane, kullum sai in ji kamar an cire mini hula a kasuwa. A ofishin jawazat, wato na shige da fice, in aka tambaye ni sunansa, katinsa nake miƙawa. Wuri ɗaya nake riƙe hannunsa yana ƙarami, cikin Harami, don turmutsitsi ya ba ni hujja, kuma Allah ya sani nakan zaɓi ƙofar da ta fi cika. Ke ma ba na kiran sunanki, tunda na mahaifiyata ne, amma ke na ba ki wani a madadinsa, kullum Mamana, Mamana. Shi ban ba shi komai ba. "Kai" ne, ko "wancan", ko "yaron nan".

Shi kuwa yana buɗe taga yana ganin maƙwabcinmu Balarabe ya dawo aiki yana kiran babban ɗansa tun daga ƙasan bene, ya rungume shi ya sumbaci kansa. Mahaifiyarku ta sha gaya mini. "Malam, yaron nan a Hindawiyya aka haife shi. Bai san kunyarka so ba ce." Sai in ce zai gane in ya girma.

Da azumin shekarar da aka kore shi, shugaban kwamitin nan ya zo umara. Wani direba ya gaya mini masaukinsa. Na sa rigata mai kyau na je na gaishe shi, na ce motata tasa ce har ya tafi. Na kai shi Tan'im ya ɗaura harami. Wata rana da hantsi na kai shi Arfa ziyara. Kin san Arfa in ba lokacin hajji ba, fili fetal, ba kowa sai masu raƙuman hoto da masu sayar da tasbaha a gindin dutse. Mutum ne mai fara'a, yana ta tambayata sunayen wurare. Sai a hanyar dawowa na yi ta maza na kawo maganar.

Na ce, "Malam, akwai yaron nan nawa a wajenku."

Ya ce, "Wanne? Ɗalibanmu da yawa."

Ko a nan ban iya faɗin sunan ba. Nawa na faɗa. Sai ya ce, "Au, wannan. To kai me ka ce game da shi, Alhaji?"

Abin da ke cikina shi ne in ce yaron kirki ne, bai taɓa yi mini ƙarya ba, laifina ne da ban sanar da shi yadda ƙasar take ba, ku dubi Allah ku ba shi abin da ya wahala a kai. Ga abin da bakina ya faɗa: "Ai yaro ne mara jin magana, Malam. Ni ma ya fi ƙarfina. Naku ne, duk abin da kuka ga ya dace ku yi masa."

Haka ubana zai ce, haka nasa uban zai ce. A wajenmu in uba ya kayar da ɗansa a gaban babban mutum, babban ne yake ɗaga shi. Sai ya ce, "A'a Alhaji, kada ka ce haka, yaron kirki ne, za a duba." Na riƙe sitiyari ina jira ya faɗa. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji. Da duk iyaye irinka ne da mun huta." Ya juya yana kallon duwatsu. Bahaushe ne ɗan'uwana, har yau ban sani ba ko bai gane ba ne ko ya gane ya ga dama. Ni dai na ci gaba da tuƙi har ƙofar otal. Da magariba na hango shi a Harami ana buɗa-baki, yana karɓar dabino daga hannun wani tsoho mai doguwar tasbaha irin ta Kaka Malam, aka tayar da salla suka haɗa kafaɗa. Na ji haushinsa ƙwarai, amma nawa ya fi.

Ya koma ya gaya wa kwamiti cewa uban ma ya sallama shi. Maganar ta kai kunnen yayanki. Ya kira mahaifiyarku, ta shigo da wayar a hannu, ta rufe ta da tafinta.

"Malam, yana tambaya wai da gaske ka faɗi haka?"

Na ce, "Na faɗa. Amma ai kin san abin da nake nufi."

Ta ce, "Ni na sani. Shi fa?"

Ta miƙo mini wayar. Na ce me zan ce wa yaro, na ɗauki makullin mota na fita.

Mamana, ki riƙe wannan. A gaban wanda yake da iko a kanki ko a kan naki, ki faɗi abin da kike nufi kai tsaye, da ladabi, amma ki faɗe shi. Kada ki ƙasƙantar da naki kina jiran wani ya ɗaga miki shi. Kunya abu ne mai kyau, ban ce ki yar da ita ba, ita ce ta sa ake ce miki 'yar mutunci a layin nan. Amma ki duba wanda kike yi wa, ko ya san yarenta. Can a makaranta an daina kiran sunansa don an kore shi, nan gida ubansa bai taɓa kira ba, sannan ga abin da uban ya faɗa a mota. Ta yaya yaro zai bambance? Na daɗe kafin in ga haka, kuma tun da na gani ban sake samun sukuni ba.

Sauran kin san shi, kin girma a cikinsa. Iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a nan, ta mutu yana can, hanyar dawowa ta toshe. Ba digiri ba aikin da ya yi wa karatu, yana koya wa yara Larabci, yana yi wa masu zuwa umara tafinta a ofishin wani ejan. Da mahaifiyarku ta kwanta ciwo ya nemi biza bai samu ba. Ranar da aka yi mata salla a Harami ya kira ni, karo na farko tun waccan maganar.

Ya ce, "Abuya, ya haƙuri?"

Na ce, "Sai godiya. Ya namu haƙurin?"

Muka yi shiru, ina jin numfashinsa yana jin nawa. Ƙofa ce Allah ya buɗe mini, na tsaya ina kallonta. Can sai ya ce, "A gai da ƙanwata," na ce za ta ji. Wannan shi ne kuskure na huɗu, kuma ba na rana ɗaya ba ne, kullum da safe nake sabunta shi. Nasiharsa gajera ce: in kun ɓata da naki kada ki bari abin ya kwana biyu. Shiru ba ya tsayawa yadda aka bar shi, ƙaruwa yake yi, har a wayi gari ba wanda ya san ta inda zai fara.

Na san kuna waya da shi. Ina jinku ta bayan labule, kina rage murya kamar mai sata, ni kuma ina rage sautin talabijin don in ji dariyarsa. Ke kika nuna mini hoton ɗansa kina cewa wai kuskure kika yi. Na san sunana ya sa masa. Na kuma ji kina ba maƙwabciya labari wai yana saɓa yaron a kafaɗa yana yawo da shi a layi, yana kiran sunana da ƙarfi ba ko kunya. Ɗan fari fa, kuma mai sunan uba. Da a garinmu ne da an yi taro a kansa. Na shiga bayi na yi dariya, na wanke fuska na fito.

Ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoron gidan nan. Gobe zan sayi burodin tamis ɗaya, mai tanda zai tambaye ni ina na biyun. Ɗakinki zan rufe in kashe na'urar sanyi, ya zama ɗaki biyu ke nan a rufe. Mahaifiyarku tana maƙabartar Shara'i, in na je sai in tsaya daga gefe in yi wa kowa addu'a, tunda kaburburan nan ba suna, kuma layukan sun rikice mini. Duk yini ina ɗaukar mutanen da suka tara kuɗin rayuwarsu don su zo garin nan na 'yan kwanaki, suna kuka in za su tafi, suna ce mini na ji daɗi ina zaune kusa da Ɗakin Allah. Na ji daɗi, alhamdulillahi. Amma in na hau bene na buɗe ƙofa ba wanda zai ce sannu da zuwa. Ban faɗi wannan don ki dawo ba. In kika dawo ba dalili sai na kore ki. Na faɗa ne don na gaji da barin mutane su yi ta cankar abin da ke cikina.

Yanzu ga abin da nake so ki yi.

An shirya ki sauka gidan Goggonki, ƙanwata. Na kira ta na ce ta yi haƙuri, za ki zo daga baya. In kin sauka ki kira yayanki ya zo ya ɗauke ki. Gidansa za ki fara shiga, abincin matarsa za ki fara ci. Zamzam ɗin nan da na ɗaure miki, da dabinon in kin rage, nasa ne.

Ranar da za ki shiga makaranta, kafin ki ɗauki alkawari, ki nemi mai kula da ɗalibai mata. Ki gaishe ta da kyau, ki ce mata, "Ina da wa a garin nan, sunansa kaza, shi ne wanda aka kora shekarun baya. Zan bi dokarku a cikin makaranta, masallacinku zan yi salla, ba zan je taron kowa ba. Amma in an yi hutu gidansa zan je, in ya yi mini sallama zan amsa." Da Larabci ki faɗa in Hausar za ta ba ki kunya. In suka karɓe ki a haka, alhamdulillahi, ki sa wata malama ta shaida, ba mai cewa daga baya kin ɓoye. In suka ce ba su yarda ba, ki yi musu godiya ki ɗauki jakarki. Zai yi ciwo, na san yadda kika ƙwallafa rai. Amma gara a bakin ƙofa da bayan kin ba su shekarunki. Za mu nemi wata, ko da sai kin zauna kin koyi Turanci tukuna.

Ina son digirin nan naki, kada ki yi shakka. Ina so in ga ranar da za a kira ki a ba ki, in sa hoton a gaban mota in ishi fasinjoji da labari. Ki yi karatu kamar ba ki da wani aiki. Amma in wata rana, ko da saura mako guda ki gama, aka tsayar da ke aka ce ki zaɓa, ki ce ba ki san ɗan'uwanki ba ko a riƙe takardarki, to ki bar musu takardar. Ki kira ni. Ko ina tsakiyar rami zan faka. Duk wanda ya tambaye ni me na ce game da ke, zan gaya masa a fili, da sunanki in ta kama, mahaifiyata ta yafe mini.

Saura abu ɗaya. In kun ci abinci an kwashe kwanuka, ki ce masa ya zauna, ki karanta masa wannan da bakinki. Ko Hausarki ta karye kada ki tsaya, kuma kada ki fassara.

Mukhtar. Ɗana Mukhtar. Ni na zaɓa maka sunan nan, na raɗa maka shi a kunne ranar da aka haife ka, ban sake faɗa ba sai yau. Abin da na gaya wa mutumin nan a mota ba gaskiya ba ne. Kai yaron kirki ne, ka fi ni. Abin da ka yi wa Kaka Malam shi nake fata a yi mini. Ko sun ba ka takarda ko ba su ba ka ba, ni na shaidi halinka. Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko, ba na fita aiki. In ba ka kira ba ni zan kira.

Shi ke nan, Mamana. Ki sha ruwa da yawa, ki kwana cikin gidan sauro, jikinki bai san zazzaɓin can ba. Ki gai da Goggonki, ki gai da matar yayanki, ki shafa mini kan takwarana. Allah ya kai ki lafiya, ya ba ki ilimi mai amfani da abokai na gari, ya kare ki daga sharrin da kika gani da wanda ba ki gani ba. Allah ya jiƙan mahaifiyarku, ya jiƙan Kaka Malam. Duk ɗawafin da na yi kuna ciki, ku biyu. Na bar ku a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinku,
Abu Mukhtar